Daga Samaru zuwa Saskatun ta Kanada: Yadda Na Zaɓi Inda Zan Yi Digiri Na Biyu

Ƙannenmu na Zariya masu neman fita karatu kusan tambaya ɗaya suke aiko min: "Yaya, wace jami'a ce ta fi suna?" Ni kuwa nakan ce su fara faɗa min, in sun gama gida za su dawo ko zama suke so su yi. Wanda zai dawo ya koyar, sunan jami'a zai amfane shi. Mai neman takardar zama ta dindindin kuwa, dokar ƙasar ya kamata ya fara karantawa, don ita ce za ta yi hukunci a kansa ranar da bizar karatu ta ƙare.

Noma na karanta a Jami'ar Ahmadu Bello, na yi bautar ƙasa, na ɗan taɓa aiki a gonakin gwaji na Samaru. Da na fara neman gurbi, Ingila na fara dubawa kamar kowa, saboda digiri na biyu shekara 1 ne a can, kuma tun 2021 ana ba wanda ya gama izinin aiki na shekara 2. Sai na gano waɗannan shekarun ba sa shiga lissafin shekaru 5 na bizar ma'aikata da ke kai mutum ga zaman dindindin. Dole sai wani kamfani ya tsaya maka. Daga baya ma abin ya ƙara tsauri: a 2024 an ɗaga mafi ƙarancin albashin da ake nema zuwa fam 38,700, aka kuma hana yawancin masu digiri na biyu zuwa da iyali. Amurka na da kuɗin bincike, amma bayan izinin aikin ɗalibai sai ka shiga ƙuri'ar biza mai gurabe 85,000 a shekara. Ina da mata, ban ga yadda zan rataye rayuwarmu a wuyan ƙuri'a ba. Jamus ta daɗe a raina, tunda yawancin jami'o'in gwamnati ba a biyan kuɗin makaranta, kuma ana ba ka wata 18 ka nemi aiki. Harshe ne ya tsayar da ni, da kuɗin guzurin shekara guda da za ka kulle a asusu kafin a ba ka biza.

Kafin in yanke shawara na je gaida wani malamina a gidansa. Na ambata masa tallafin karatu irin na Chevening, sai ya ce, "Ka san sharaɗinsa ka dawo gida na shekara 2?" Na ce na sani, Malam. Ya ce, "To in ka ƙudura zama, kada ka karɓi kuɗin da aka ba ka don ka dawo. Gurbin wani ne ka ci." Maganar ta zauna min, har yau ita nake faɗa wa malaman jami'a da suka fita da kuɗin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, suna shirin ɓacewa. Amana ce, akwai ɗalibai a aji suna jiran su.

Abin da ya ja ni Kanada shi ne lissafinta a fili yake. Tun 2015 suke da tsarin Express Entry, inda ake tara wa mutum maki bisa shekarunsa, karatunsa, Turancinsa ko Faransancinsa, da aikin da ya yi a ƙasar. Jimillar makin 1,200 ne. Na shekaru ya fi yawa tsakanin 20 da 29, daga 30 sai ya riƙa zubewa, a 45 ya ƙare. Mu da yajin aiki da jiran bautar ƙasa suka cinye mana shekaru, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma in wani lardi ya tsayar da kai a ƙarƙashin tsarin, maki 600 ake ƙara maka a take. Nan na daina kallon Toronto, na koma kallon lardunan da ke neman mutane a fannina.

Saskacewan lardin manoma ne, alkama da kanola (irin da ake matse man girki) da wake iri-iri, gona har iyakar ganinka. Na riƙa rubuta wa malaman tsangayar noma ta jami'ar da ke Saskatun, ina nuna musu na karanta aikinsu, har ɗaya ya ɗauke ni digiri na bincike mai ɗan alawus. Wannan bambanci ne da 'yan'uwa ba sa lura da shi: digirin zaman aji kai za ka biya komai, na bincike kuwa sau da yawa malami ne ke ɗaukar wani kaso. Bayan an saki Naira a Yunin 2023, Dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500, na ga yadda masu dogaro da kuɗin gida suka shiga ƙunci. Ga shi kuma lardin na ba ɗaliban waje katin asibiti na gwamnati, abin da Ontariyo, lardin da Toronto take, ba ta yi.

Hajiya ba ta tambaye ni maki ba. Cewa ta yi, "Akwai masallaci? Wa zai yanka muku nama?" Akwai masallaci, ana cika ranar Juma'a, 'yan Pakistan da Somaliya da Sudan da mu 'yan tsiraru, kuma akwai shagunan naman halal. Sanyi ne ba ya faɗuwa a baki. A Janairu yakan kai 30 ƙasa da sifili, har ya wuce. Hunturun Zariya da muke hura wuta a ƙofar gida, nan sai a ce gari ya yi daɗi. Rana ba ta wuce awa 8 a Disamba, Azahar da La'asar da Magariba suna bin juna kana ɗakin gwaji. Abin da ya fi sanyin ciwo shi ne shiru. Babu majalisa bayan Isha'i, babu mai sallama ba tare da ya yi waya ba. Sai da matata ta iso, da kuka da daddawa a jakarta, gidan ya zama gida.

Masu tasowa yanzu su sani ƙofar ta ƙuntata. A 2024 Kanada ta ƙayyade yawan bizar karatu, ta ɗaga kuɗin guzuri daga dalar Kanada 10,000 zuwa 20,635, kuma daga Janairun 2025 matar mai digiri na biyu ba ta samun izinin aiki sai karatun ya kai wata 16. A gefe guda, an ba masu digiri na biyu izinin aiki na shekara 3 bayan kammalawa. Dokokin na sauyawa, don haka a karanta su a shafin gwamnati, a duba kwanan wata, kada a tsaya ga bakin dillalin biza wanda makarantar da za ta ba shi kamasho yake tallatawa.

Yanzu ina aiki da wani kamfanin iri, lardi ya tsayar da ni, takarduna na hannun hukuma. Tsakaninmu da gida awa 7 ne, don haka da asubata nake kiran Hajiya, lokacin ta idar da Azahar. Takan tambayi ko zaman dindindin na nufin na tafi ke nan. Nakan bayyana mata cewa doka kwana 730 take nema in yi a ƙasar cikin kowace shekara 5, sauran ina iya yin su a Zariya, kuma filin da na saya a hanyar Shika an fara zuba masa bulo.