Da maganin sankarar jini ya sa aka ce ina bilicin

Wata bakwai da fara shan Glivec, a wurin wani suna a Zariya, Gwaggo ta ja ni gefe, ta kama hannuna tana jujjuyawa. "Ke 'yar nan, da aurenki da 'ya'yanki, me ya kai ki shafe-shafe?" Na rasa ta cewa. Ban taɓa sayen man bilicin ba, amma ga fuskata da hannuwana sun yi fayau, waɗanda suka san ni baƙa tun ina yarinya suna ta kallona.

Sankarar jini ce da ni, irin wadda likitoci ke kira CML. Saifata ce ta kumbura, ga gumin dare, kafin a gano. Aka ɗora ni a kan imatinib, wato Glivec, miligiram 400 kullum, da abinci da babban kofin ruwa. An faɗa mini zan iya tashi da kumburin ido da safe, kuma na gani. Hasken fatar nan ne ya zo mini a ba-zata.

Maganar Gwaggo ta tsaya mini a rai, har na yi abin da nake nadama. Na ajiye maganin kwana tara, ko maigidana ban gaya wa ba.

Da na koma asibiti na faɗi gaskiya, likitar ba ta yi mini faɗa ba. Takarda ta ɗauko ta zana mini. Cutar tana tasowa ne idan kuromosom (wato ƙunshin ƙwayoyin gado da ke cikin ƙwayoyin jikinmu) na 9 da na 22 suka yi musayar gutsure, sai jiki ya riƙa yin wani furotin, BCR-ABL, mai sa fararen ƙwayoyin jini su yi ta hayayyafa ba tsayawa. Wannan furotin ne maganin yake toshewa. To amma yana taɓa wani furotin ɗan uwansa, c-KIT, wanda ƙwayoyin da ke ba fata launi suke dogara da shi. A jikin Bature da wuya a lura, a jikinmu kuwa ba ya ɓoyuwa. Ta ce, "Hajiya, hasken nan ba zai cutar da ke ba, kuma yakan koma idan an rage magani ko an canza shi. Tsallake shan maganin ne ke ba cutar damar ta bijire masa." Wannan kalma, bijirewa, ita ta hana ni barci ranar.

Hunturu ya fi komai wahalar da ni. Fatar takan bushe ta yi yaushi kamar ta tsohuwa, ga ƙaiƙayi a ƙwauri, ga faso. Na bar soso mai kaushi da sabulu mai ƙamshi, na koma wanka da ruwa mai ɗumi-ɗumi, in shafa man kaɗe tun jikina bai gama bushewa ba. Rana ma yanzu tana ƙona ni, sai da lema nake zuwa kasuwa. Ƙuraje kuwa ba na shafa musu komai sai likita ta gani, domin ta gargaɗe ni cewa idan suka zo da zazzaɓi, ko gyambon baki, ko fata ta fara saɓulewa, asibiti zan nufa a ranar.

Daga baya na ɗauki kwalin maganin na je gidan Gwaggo na bayyana mata komai. Ta daɗe shiru tana share hawaye. Mako na zagayowa ta aiko mini da ƙullin man kaɗe.