An doke ni, maki kuma ya ƙaru

Ranar Asabar wani yaro ya doke ni a ƙwallon tanis, 6-4, 7-5. Na koma gida gwiwa a sanyaye. Da na duba makina na UTR (tsarin da ke auna ƙarfin 'yan wasan tanis) daga baya, sai na ga ya ɗan haura. Ikon Allah!

Ashe ba wanda ya ci wasan suke dubawa ba. Ƙarfin abokin karawarka ne, da yawan gem ɗin da ka samu, wato ƙananan zagayen da ake ƙirgawa kamar 6-4. Yaron ya fi ni nesa ba kusa ba, an zaci zai share ni, sai na ƙwace gem 9 cikin 22. Lissafin kuwa na wasanni 30 na ƙarshe ne, cikin wata 12.

Sati mai zuwa da na ƙasa da ni zan kara. Idan na ci shi da ƙyar, makin zai iya sauka.