Mai neman makewayi da mai neman rigima a cikin jirgi

A duk bitar da muke yi wa maniyyata a Katsina, bayan an gama maganar harami da ɗawafi da jifa, sai an samu wanda zai ɗaga hannu: "Malam, to in wani ya taɓu a sama ya je ya ɓalle ƙofa fa?" Dariya ake yi, amma rabin masu dariyar su ma abin na cin su a rai. Ni ba matuƙi ba ne, ma'aikacin alhazai ne da ke rakiya daga filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa zuwa Jidda ko Madina. Yawan tambayar ne ya sa na riƙa tsare ma'aikatan jirgi da injiniyoyi har na samu amsar da zan iya ba tsoho ya gamsu.

In jirgi ya lula, ƙofar ba ta buɗuwa, kuma ba kwaɗo ne ya hana ba, iska ce. A tsayin ƙafa 35,000 iskar waje ta yi ƙarancin da mutum ba zai wuce minti ɗaya a hayyacinsa ba. Shi ya sa ake ɗura iska a cikin jirgin, a matse ta, har ta zama kamar ta kan dutse mai tsayin ƙafa 6,000 zuwa 8,000. Wannan iskar kullum neman hanyar fita take, tana tura bango, tana tura ƙofa. Ita kuwa ƙofar an ƙera ta ne yadda sai ta ɗan shigo ciki, ko ta ɗaga sama, kafin ta juya waje. Nauyin da ke danne ta ya haura tan 5 a kan kowace murabba'in mita, wato ƙofa guda na ɗauke da kusan tan 10, kwatankwacin buhun siminti 200. Duk ƙarfin ƙato, sai dai ya wahalar da mariƙin. Wasu jiragen ma suna da sakatar da ke kulle kanta da zarar an fara gudun tashi.

Sai dai wannan kariyar tana raguwa ne yayin da jirgi ke sauko ƙasa. A watan Mayun 2023, a Koriya ta Kudu, wani fasinja ya buɗe ƙofar gaggawa ta jirgin Asiana saura ƙafa 700 ya sauka a birnin Daegu. Iska ta yi ta kaɗa mutane, an kai wasu asibiti, amma ba wanda ya faɗo, don kowa na ɗaure da bel. Na Alaska Airlines da aka yi ta yaɗa bidiyonsa a Janairun 2024 kuwa ba hannun fasinja a ciki, murfin wata ƙofa da aka toshe ne ya fice, saboda kusoshi 4 da ba a mayar ba tun daga masana'anta. A ƙasa ma ƙofar ba abin wasa ba ce. Akwai sulun gaggawa, wato abin da ake zamewa a kansa a sauka in an samu hatsari, a naɗe a jikinta, in aka murɗa ta ba a kwance shi ba, cikin 'yan daƙiƙoƙi zai kumbura ya watso waje, ya make duk wanda ke tsaye a gindin matakala.

Abin da littafin injiniya bai koya mini ba shi ne su wa ke zuwa bakin ƙofar. A jiragenmu, akasari ba mahaukata ba ne, ba kuma 'yan ta'adda ba. Na taɓa iske wani dattijo daga wajen Ingawa a can bayan jirgi, 'yar buta a hannun hagu, na dama a kan mariƙin ƙofa, ma'aikaciya na ta zabga masa tsawa da Turanci, shi kuma sai ƙara riƙewa yake don ruɗewa. Na ce, "Baba, sannu da ƙoƙari. Ina za a je?" Ya ce, "Ɗana, ruwa zan kama." Ƙofar makewayin na nan kusa da kafaɗarsa, irin mai naɗewa ce da ake turawa ta tsakiya, ba ta yi masa kama da ƙofa ba. Wadda ta yi kama da ƙofa ita ya nufa. Mutumin da bai taɓa wuce Kano ba, an ɗaure shi a kujera awa huɗu, kunya ta hana shi tambayar 'yar da ta yi jika da shi, wane laifi za a ɗora masa? Shi ya sa yanzu nake nuna wa maniyyata hoton ƙofofin biyu tun a sansani, in gaya musu a yi alwala kafin a hau, a kuma tambayi malamai hukuncin taimama, don ruwan da ake kwarara a daɓen makewayi yana iya gangarawa inda wayoyi suke.

Mai rigimar gaske daban yake, kuma da wuya ya taɓa ƙofa. Shi ne wanda za a ce ya ɗaura bel ko ya kashe waya ya ce, "Kin san ko ni wane ne?" Shi ne mai miƙewa ya buɗe ma'ajiyar kaya tun jirgi na gudu a titinsa, jaka ta faɗo kan Hajiyar da ba ta ji ba ta gani ba. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai laɓewa a makewayi ya kunna taba. A 1973 gobara ta tashi a makewayin jirgin Varig na Barazil dab da Faris, hayaƙi ya turnuƙe, mutum 123 suka mutu, kuma guntun sigari aka fi zargi. Har gobe za ka ga wurin kashe taba a jikin ƙofar makewayi duk da an haramta sha, don gara mai taurin kai ya kashe ta a nan da ya jefa cikin kwandon takardu.

Irin wannan ba a lallashinsa da "Baba sannu". Yarjejeniyar Tokyo ta 1963 ta ba kyaftin ikon sa a ɗaure shi, a miƙa shi ga hukuma in an sauka. Gyaran da aka yi mata a Montreal a 2014 ya ba ƙasar da aka sauka damar hukunta shi ko da jirgin na wata ƙasa ne, kuma Najeriya ce ƙasa ta 22 da ta amince, wadda da ita adadin ya cika har gyaran ya fara aiki a Janairun 2020. Doka dai akwai ta. Abin da ya rage mana shi ne a daina duba girman rawani kafin a yi aiki da ita.

Kujerun bakin ƙofar gaggawa ma sai an yi da gaske. Manya na son su don a miƙe ƙafa, alhali ƙa'ida ita ce a iya kwashe kowa daga jirgi cikin daƙiƙa 90 da rabin ƙofofi kaɗai, kuma na bakin ƙofa shi zai fara taimakawa. In Alhaji ya nace, nakan rusuna in ce, "Ranka ya daɗe, in wuta ta tashi kai za ka duba waje, ka buɗe, ka tsaya har raunana su fita. An amince?" Yawanci sai ya waiga ya ce a kira masa yaronsa ya zauna a nan.