"Ba laifi" ba amsa ba ce: yadda ake jin gaskiya daga bakin abokan aiki

Ka tambayi abokin aikinka yadda yake ganin aikinka, zai ce, "Ai ba laifi, sai hamdala." Kara ya yi maka. Tambayar ce ta yi faɗi, ya ji kamar an sa shi ya auna mutuncinka.

Ka ɗauko aiki guda da aka gama cikin kwana biyu ko uku, tun ba a manta ba. "Malam, rahoton da na miƙa ranar Talata, wane shafi ne ya fi ba ka wahala?" Irin wannan tana da amsa, mutum zai buɗe takardar ya ɗora yatsa a kan teburin lissafin da ya rikita shi. Sai ka bi ta da guda biyu: me zan ci gaba da yi, me zan daina?

Mutum shida sun isa: shugabanka, tsararrakinka biyu, da uku daga na ƙasa da kai. Kada ka tsaya kan waɗanda kuke cin abincin rana tare. Wanda aikinka ke sauka a teburinsa, ko da ba kwa shiri sosai, shi ya san inda kake jinkiri.

Na ƙasa su ne masu wuyar sha'ani. Ƙaramin ma'aikaci ba zai dubi idon oga ya ce masa yana katse mutane a taro ba, balle idan ogan ne ke cike masa fom ɗin auna ƙwazon aiki na shekara-shekara (APER). A ba su fom ɗin tambayoyi na intanet, wato Google Forms, a kashe wurin karɓar adireshin imel, kuma kada a buɗe amsoshi sai sun kai uku. Ƙasa da haka, salon rubutu kaɗai zai tona mai shi. Kada a yi wannan a zauren WhatsApp na ofis, kada kuma a haɗa shi da lokacin ƙarin girma, domin a nan kowa lissafin kansa yake yi.

Inda aka fi ɓata abin shi ne wajen saurare. Da zarar ka ce "Ai abin da ya sa...", ka rufe bakin mutumin, ba zai ƙara ba. Rubuta abin da ya faɗa, nemi misali guda, ka ce na gode.

Abin da mutum biyu ko fiye suka maimaita, shi za ka fara gyarawa, guda ɗaya tak. Bayan mako shida ka koma wurinsu: "Kun ce saƙonnina na makara. Yanzu fa?"