Ɗan Jos a kwalekwale shi kaɗai, tsakiyar kadoji

Mu 'yan Jos ba mutanen ruwa ba ne. Abin da muka sani shi ne kududdufan da masu haƙar kuza suka bari, waɗanda iyaye mata ke zane yaro in an gan shi a bakinsu. To sai ga mutum a Amurka, inda hutawa a wurinsu ita ce ka tuƙa mota wajen awa biyar daga Atalanta, ka yi hayar kwalekwale, ka shiga fadama kai kaɗai tun safe har la'asar.

Fadamar Okefenokee nake nufi, a kudancin jihar Jojiya, dab da iyakar Fulorida. Tun 1937 gwamnati ta killace ta, kuma daga cikinta kogin Suwannee ya taso. In ta yamma za ka shiga, ka cika tankinka a garin Fargo, don daga nan akwai kusan kilomita 30 na daji, kuma hanyar a bakin ruwa take ƙarewa. Ruwan baƙi ne wuluk, amma ka ɗebo a kofi ka gani, kamar shayin da ba a sa wa madara ba. Ruɓaɓɓen ganye ne ya rina shi.

Kunyar baƙo tana nan a minti biyar na farko. Kwalekwalen haya yawanci na mutum biyu ne. In ka zauna a kujerar baya kai kaɗai, goshinsa zai ɗaga sama, iska ta kama shi, kana tuƙi yana juyawa da kai kamar dutsen niƙa, tsofaffin Turawa a bakin gaɓa suna yi maka murmushin nan nasu da ba ka san ko tausayi ba ne ko dariya. Ga ka baƙin mutum guda ɗaya tilo a wurin, kana jin kamar duk Najeriya ce ke juyawa. Alhali maganin ƙarami ne: juya jirgin, ka zauna a kujerar gaba kana fuskantar wutsiyarsa, sai ka matso kusa da tsakiya. Ka ajiye jarkar ruwa mai lita 20 a can ƙarshen da ke gabanka don ta danne shi. Wajen shiga ka sunkuya, hannu biyu a gefe da gefe, ƙafa a tsakiya daidai, kada ka kuskura ka miƙe tsaye.

Filafili kuma, in ka yi ta ja ta dama jirgin hagu zai nufa. Ba sai kana sauya hannu kowane ja ba. A ƙarshen kowane ja ka murɗa wuyan hannun da ke sama, babban yatsa ya kalli ƙasa, ka ɗan tura ruwan waje. Shi ke nan ya miƙe. Sabon shiga ya lissafa kilomita uku a awa, kada ya yi wa kansa alkawarin fiye da haka. Ka fara da fuskantar iska tun kana da ƙarfi, ka juyo kafin rabin lokacinka ya cika, don akwai ƙa'idar lokacin fita daga ruwa kafin duhu. Ruwan sha lita huɗu, hula, maganin sauro, makullin mota da waya a jakar da ruwa ba ya shiga, a ɗaure ta jikin kujera. Rigar ceto a jiki take zama, ba a ƙarƙashin ƙafa ba. Mayu da Yuni ƙudan cizo masu ruwan ɗorawa ba sa raga wa kowa.

Kadoji suna nan birjik, ido da hanci kawai a saman ruwa, tsakanin ganyen bado. Ba su cika kula mutum ba, amma ba a ba su abinci, ba a kuma tsoma hannu a ruwa. Saboda haka alwala da ruwan jarkarka za ka yi ta. Abin da ka gani kamar tudu ma sau da yawa tarin ruɓaɓɓen ciyayi ne ke yawo a kan ruwa, in ka taka sai ya yi rawa. Akwai rumfunan katako jefi-jefi, can za ka yi azahar, in ba ka kai ba ka yi ta a zaune. Alƙibla daga nan arewa maso gabas take, ta fi karkata arewa fiye da yadda muka saba a Jos.

Abin da ya fi kada ciwo shi ne takardar haya. Akwai layin da ke cewa a rubuta wanda za a kira in ba ka dawo ba. A Gangare ko Unguwar Rogo wa zai yi maka wannan tambaya? Ka makara da awa ɗaya, unguwa guda ta fito nemanka. A nan sai ka tsaya da biro a hannu, lambobin da ka haddace duk da 234 suke farawa. Ta Hajiya ba ta rubutuwa, don in ta ji ruwa da kada a magana ɗaya hawan jininta ya tashi, ita da har yau take tambaya ko ana samun acca a nan. Ta Yaya Babba kuwa, sanda za a kira shi dare ya raba a Jos, kuma abin da zai fara cewa shi ne wa ya aike ka. Lambar abokin aiki ake sawa, wanda bai iya faɗin sunanka daidai ba. Hotunan kuma ƙanne ake tura wa, da sharaɗin kada a nuna wa Hajiya.