Ƙaramar na'urar waƙa da ke aljihuna

Ina tsaka da sauraron wata waƙa da nake ji har cikin raina, daidai gurin da mawaƙin ke jan numfashi kafin amshi ya shigo, sai saƙo ya faɗo a waya. Sauti ya dusashe, ƙararrawa ta buga, kafin in farga kira ya biyo baya. A ranar na ƙudiri aniyar neman na'urar da ba ta da wani aiki sai kunna sauti.

Abokaina cewa suka yi ai zamaninta ya wuce, kuma suna da hujja. Kamfanin Apple da ya fito da iPod a 2001, mai gigabait 5 da ke ɗaukar waƙa kusan 1,000, ya daina ƙera shi a 2022. Amma Sony, wanda ya fara Walkman na kaset tun 1979, har gobe yana fitar da na dijital, ga kuma kamfanoni irin su FiiO da Astell&Kern. Masu son abin ba su ƙare ba. Balle tun da iPhone 7 ya zo a 2016 babu ramin iyafis, wayoyi da dama suka bi sahu.

Ta farko da na saya ƙawa ta ruɗe ni. Fuska ce fal, shafa-shafa kawai, babu maɓalli sai na kunnawa. Duk lokacin da zan tsallake waƙa sai na zaro ta, na farkar da fuskar, na duba. Abin da ya fi ƙona min rai, in na kashe ta a tsakiyar doguwar lacca ta sa'a biyu, washegari sai ta mayar da ni farko. Wata guda muka yi tare na ajiye ta.

Don haka yanzu abin da nake fara dubawa shi ne maɓallai. Wadda ke hannuna tana da uku a gefe, na tsakiya ya ɗan fi tudu. Hannuna na cikin aljihu, babban yatsa ya lalubo wannan tudun, na san na sama gaba ne, na ƙasa baya ne. Ina tafiya, ina wanke-wanke, ko ina kwance cikin duhu, idona bai taɓa zuwa kanta ba. Tana kuma da ɗan makulli da ake turawa don kada ta danna kanta a aljihu. Masu talla ba sa yawan ambaton wannan, alhali shi ne abin da hannunka zai taɓa sau ɗari a yini.

Sai gurbin katin memori. Kada ka dogara da ma'ajiyar cikinta kaɗai. Waƙar minti huɗu a MP3 mafi inganci, wato mai kilobit 320 a kowace daƙiƙa, takan ci kusan megabait 10, kenan kati mai gigabait 32 zai ɗauki wajen 3,000. In kuwa FLAC ce, wadda ba ta zubar da komai daga sautin faifan CD, waƙa guda na iya ninka wannan kusan sau uku. A tambaya kuma ko na'urar tana karanta katin da ya wuce gigabait 32, domin manyan katuna da tsarin ajiyar fayil mai suna exFAT suke zuwa, wasu tsofaffin na'urori kuwa tsohon tsari mai suna FAT32 kawai suka sani.

Akwai wani abu da sai wanda ya daɗe yana tara waƙoƙi zai gane zafinsa. Yawancin fayilolina sun zo ne daga nan da can, wasu babu sunan mawaƙi a cikinsu, wasu an rubuta shi iri uku. Na'urar da ke jera waƙoƙi bisa wannan bayani kaɗai za ta watsa maka su kamar an zubar da tsaba. Ni ina son wadda zan jona a kwamfuta da kebul, in ja folda in jefa, ta nuna min su yadda na tsara da hannuna, ba tare da wata manhaja ta musamman ba.

Batun ingancin sauti ba na daɗewa a kansa. Na gwada MP3 mai 320 da FLAC na waƙa ɗaya, idona a rufe, da kyar kunnena ya bambance. Amma ranar da na canja iyafis, nan take na ji gangar da ke can ƙasa wadda da ban san tana cikin waƙar ba. In kuɗi ya yi kaɗan, a rage a na'ura a ƙara a iyafis. Mai manyan hedifon masu om 250, wato masu buƙatar ƙarfin wuta sosai kafin su yi ƙara, shi ne kawai zai damu da ƙarfin da na'urar ke turawa. Bluetooth yana da daɗi, sai dai yana matse sauti kuma yana shan batir, shi ya sa nake barin nawa a kashe.

Jiya da dare na bar waya a wani ɗaki tana caji, na koma kan waccan waƙar. Mawaƙin ya ja numfashinsa, amshi ya shigo, na ji ta har ƙarshe, sannan yatsana ya lalubo maɓallin ƙasa na sake maido ta.