Daga Njamena zuwa Jidda, ni da Gwaggo

Tsakanin Njamena da Jidda, idan aka miƙe ta sama ba kwana, kusan kilomita 2,800 ne, tafiyar wajen awa huɗu. Mu ba mu samu miƙaƙƙiyar hanya ba. Tikitin Umarar da na yanka mana ni da Gwaggo ta Addis Ababa ya bi: kimanin kilomita 2,600 zuwa can, sannan wasu 1,400 zuwa Jidda. Ka ga tafiya ta kai dubu huɗu ke nan.

Da jirgi ya ɗaga daga filin Hassan Djamous, kogin Shari ya bayyana a ƙasa, ga Kuseri a ƙetare, ɓangaren Kamaru. Gwaggo ba ta kalli ko ɗaya ba. Carbi take ja, ta riƙe hannun kujera gam, sai da aka kawo shayi ta saki jiki.

"Ɗan nan, yanzu ina muke?"

Na nuna mata taswirar da ke jikin kujera. Ta sa yatsa a kan Sudan, ta daɗe ba ta ɗauke ba. Ta nan mahaifinta ya bi, a ƙafa da kan jaki: Abeshe, Adare, Jinaina, Fashir, Ubayyid, har Sawakin a bakin Bahar Maliya. A hanya sai guzuri ya ƙare, a tsaya a yi noma ko ɗinki ko ƙwadago a gonakin audugar Jazira, a tara kuɗin jirgin ruwa. Wasu shekaru suke yi. Wasu ba su ƙarasa ba, ba su kuma koma ba, suka yi aure suka kafa unguwanni. Da yawa daga Hausawan Chadi asalinsu ke nan, haka na Sudan, har da mutanen garin Mai Wurno, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wannan hanya yau ta toshe. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, ta garin Adare da ke kan iyaka jama'a suke kwararowa cikin Chadi, dubban ɗaruruwa. Hanyar da kakanninmu suka bi zuwa gabas da begen Ɗakin Allah, yanzu mata da yara ke bin ta zuwa yamma suna gudun mutuwa. Gwaggo tana da dangi a Ubayyid, kuma ta daɗe ba ta ji ɗuriyarsu ba.

A Addis sanyi ya kama mu, don garin a kan tsauni yake, sama da mita 2,300. Muka ƙara awa biyu a agogo. A nan na ɗaura harami, tunda a sama za mu ratsa miƙati, Gwaggo kuwa ta lulluɓa da mayafi biyu tana ta yi mini faɗan kada mura ta kama ni.

Zangon ƙarshe bai kai awa uku ba. Da aka sanar an kusa miƙati, talbiyya ta tashi daga kujerun baya, Habashawa da 'yan Chadi da 'yan Nijar, murya ɗaya. Gwaggo ta yi niyya, ta juyo ta ce, "Idan mun gama tamu, ka yi wa Baba ɗawafi, ni ƙafata ba za ta iya biyu ba." Na ce to, Gwaggo, in sha Allahu.